Kafin Mu Sayi Gona A Ƙauye

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Hotoro.

  Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a ɗan abin da muke tarawa.

Shugabanni sun ce in yi magana a kan zancen da ya fi yawa a bakinmu a 'yan watannin nan, wato sayen gona a ƙauye. Wasunmu na son ƙungiya ta ɗebi wani kaso daga asusu ta sayi gona babba a raba. Wasu kuma maigida ya kusa ritaya, ana shawarar a tattara a koma karkara, a noma abin da za a ci, a yi kiwo, a huta da cefanen birni. Dillalai sun ji labari, har sun fara turo mana hotunan gonaki a waya. To kuɗin nan da ake magana a kai, kuɗin adashe ne, da ribar ɗinki da ƙuli-ƙuli da sayar da atamfa, wata ma har da sarƙarta da gadon mahaifinta. In ya shiga gonar da ba ta dace ba, fitowarsa sai an sha wuya, in ma ya fito.

Dalilin wannan sha'awa kowa ya san shi. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, abinci ya bi shi. A 2024 mun ga yadda kwanon masara da na wake suka gagari gidaje da yawa. Amma ku tuna abin da ya biyo baya. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba, manoma da yawa ba su mayar da kuɗin da suka kashe ba. Saboda haka wadda za ta shiga noma don ta ga hatsi ya yi tsada a shekara ɗaya, ta sani kasuwa juyawa take yi. Wadda kuma za ta shiga don gidanta ya samu abinci daga rumbunsa ko kasuwa ta hau ko ta sauka, ita ce nake ganin ta fi kusa da dacewa.

Tambayar farko ke nan da kowace za ta yi wa kanta: me nake nema da gonar nan? Abincin gida, ko sana'a, ko wurin zama? Amsar ita za ta nuna miki yankin da za ki dosa. Mu yi ɗan lissafi tare. Buhun hatsi kwano 40 ne. Gidan da ke cin kwano ɗaya kullum yana bukatar kwano 365 a shekara, wato buhu tara da 'yan kai. Hekta ɗaya, mita 100 tsawo mita 100 faɗi, ta kai eka biyu da rabi, ko ku ce kimanin fuloti 20 irin namu na ƙafa 50 da 100. A noman gero da dawa irin wanda aka saba, hekta ɗaya buhu goma take bayarwa ko ƙasa da haka. Kun ga ke nan wadda aka ce ta sayi fuloti biyu a bayan gari wai za ta ciyar da gida, lambu ta saya, tuwon shekara ba zai fito daga nan ba. A cikin buhu goman nan ma za a fid da iri, a fid da zakka in ta kai, a biya 'yan ƙwadago. Gida mai mutum takwas ko goma da ke son ya ci daga gonarsa, ya yi tunanin hekta biyu, da wake da gyaɗa a tsakanin hatsi, da 'yan awaki a gefe.

Sai ruwan sama. Jihar Kano ba ɗaya take ba ta wannan fuska. Kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa, ruwa kan haura milimita 1,000 a shekara, damina kan fara da wuri ta kai har Oktoba. Can ne ƙasar masara da dawa da waken suya da shinkafar tudu. Arewa kuwa, wajen Dambatta da Makoɗa da Kunci, ruwan bai kai haka ba, damina gajera ce, ƙasar rairayi ce. Can gero da wake da gyaɗa da riɗi su ne sarakai. Wadda ta sayi gona a arewa ta dage sai masara mai jinkirin nuna, ruwa zai ɗauke ya bar ta da kara. Kowace ƙasa da abin da take so, kuma manoman wurin sun riga mu sani. In kin je, ki duba abin da maƙwabtan gonar suka shuka, ki tambaye su buhu nawa suka samu a shekaru uku a jere. Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba.

Daga nan sai ita kanta ƙasar. Iyayenmu da suka tashi a karkara sun san bambancin jigawa da fadama da fako. Jigawa tana da sauƙin huɗa amma tana cin taki. Fadama tana riƙe ruwa, tana yin shinkafa da rake da kayan lambu, amma ruwa na iya kwanciya a kanta. Fako kuwa ƙasa ce mai tauri da ruwa ke gudu a kai, ko ciyawa ba ta son ta. Akwai alamomin da ko ba ki yi karatun noma ba za ki gane. In kin ga wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shan jinin dawa da gero da masara, ta cika gonar, ƙasar ta gaji, sai an yi shekaru ana zuba mata takin gargajiya ana juya shuka. In kin ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar noman rani, gishiri ya taso, amfanin gona ba zai yi kyau ba. In kuma kin ga gawo a tsaye a gonar, ki yi murna. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya darajar itace a gona. Tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin kututture ya tofo suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassabin zamani, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar. Don haka gonar da ke da gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya ta fi wadda aka share ƙwal. A rubuta a takardar ciniki cewa itatuwan suna cikin abin da aka saya, don akwai wuraren da mai gona daban, mai ɗorawa daban.

Kada a je duba gona da rani kaɗai. Da rani kowace gona kyakkyawa ce, hanya a bushe, mota ta kai ki har bakin iyaka. Ki koma a watan Agusta, lokacin marka. A nan za ki ga ko hanyar tana biyuwa, ko akwai rafin da ke yanke garin kwana biyu, ko ruwa na kwanciya a inda kike shirin gina ɗaki. Wadda ke sha'awar ƙasar Jigawa, wajen Ringim da Auyo da Haɗeja, ta tuna ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a yankin. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai, amma a tambayi dattawan gari inda ruwa ya tsaya a waccan shekarar, su nuna miki da hannu. Gani ya kori ji.

Yanzu ruwan rani, wanda shi ne ke raba mai noman wata huɗu da mai noman shekara. Kano ta yi sa'a da madatsun ruwa, yawancinsu tun zamanin Gwamna Audu Bako aka fara su. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 shi ke shayar da filayen Kadawa, a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Akwai Watari a Bagwai, akwai Tomas a wajen Dambatta, akwai Challawa a Ƙaraye. Gonar da ke cikin tsarin ban ruwa tana ba da shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da rani. Shi ya sa take da tsada, kuma tsadar tana da dalili. Sai dai a lura da abu biyu. Dillali zai ce miki gonar tana kusa da kanal. Kusa da kanal daban, samun ruwa daban. Gonar da ke wutsiyar kanal sai na sama sun ƙoshi ruwa ke iso mata. Ki nemi shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta wannan sashe, ki tambaya ko gonar tana cikin rajistarsu, nawa ake biya, kuma ko akwai bashin kuɗin ruwa a kanta. Na biyu, noman rani jari yake ci. Masu tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin Kadawa cikin 'yan makonni. Ko a shekarar lafiya, in kaya ya yi yawa a Kwanar Gafan, kwandon tumatir kan faɗi ƙasa da kuɗin kwandon da motar da ta kawo shi.

In gonar ba ta kusa da dam, sai a duba ruwan ƙasa. Yawancin ƙasar Kano a kan dutse take zaune. Za a iya haƙa rijiyar burtsatse a nan a samu ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa a tarar da dutse. Ki leƙa rijiyoyin garin a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi ja baya, ki ga guga nawa na igiya ake saki. Kafin a kira masu haƙa, a biya masu awon ruwan ƙasa su duba. Kuɗin awo kaɗan ne a kan kuɗin ramin da babu ruwa. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya rage wa mutane wahalar fetur, amma shi ma sai akwai ruwan da zai ja.

Sai nisa da hanya da kasuwa. Mu a nan Hotoro muna bakin titin Maiduguri da hanyar Eastern Bypass. Wudil kimanin kilomita 40 ce, kafin ita ga Warawa da Dawakin Kudu, ta hanyar Haɗeja kuma ga Gezawa da Gabasawa. Wadda za ta ci gaba da zama a Hotoro, ta nemi gonar da za ta iya zuwa bayan asuba ta dawo kafin la'asar, kuma ta lissafa kuɗin motar zuwa sau ɗaya a mako har damina ta ƙare, ta haɗa shi cikin kuɗin noma. Gonar Doguwa tana da ruwa tana da araha, amma noma ta waya, kina nan kina tura kuɗin taki ba ki ga an zuba ba, ya karya mutane da yawa. Kusancin birni yana da wani amfani kuma. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke ɗaukar taki daga birni a kan jakai su kai gona, su dawo da itace da hatsi. Wani Bature masani, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan tsari tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu kuma ba ta mutu ba, saboda taki da kiwo. Mu da muke kiwon kaji da tumaki a gidajenmu, takin da muke rasa inda za mu zubar dukiya ce in gona tana kusa. Ki kuma san kasuwar da za ki kai kaya: dabbobi a Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, hatsi a Dawanau, kayan miya a 'Yankaba, ga Larabar Abasawa da Ladin Makole da sunansu ma ya faɗi ranar cinsu.

Maganar tsaro ba za mu tsallake ta ba. Alhamdu lillahi Kano ta fi wasu maƙwabtanta zaman lafiya, amma a ƙarshen 2025 an kai hare-hare a wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina. Dajin Falgore ma ya daɗe ana fama da ɓarayin shanu a cikinsa kafin a kai sojoji. In kika ga gona mai kyau ana neman a sayar da ita da gaggawa a farashin da bai kai na maƙwabta ba, ki tambayi dalili. Dillali ba zai faɗa miki ba. Matan garin za su faɗa miki, in kin shiga gida kin zauna kin sha ruwa. Ki tambaye su ko mutane na kwana a gidajensu, ko akwai waɗanda suka tashi. Ki kuma tambaya ko akwai burtali ko mashaya a jikin gonar. Hanyar shanu ta riga mu zuwa, wanda ya noma ta ya sayi rigima da makiyaya kowace kaka.

Ga masu shirin komawa da zama ɗungurungum, akwai tambayoyin da maza kan manta, mu ne za mu yi su. In naƙuda ta tashi wa 'yarki ko surukarki da tsakar dare a watan Agusta, minti nawa ne zuwa asibitin da ke da ungozoma da jini? In maciji ya sari yaro, ina ake samun allura? Maigida mai hawan jini ko ciwon suga, ina zai riƙa samun maganinsa? Akwai sakandaren 'yan mata da Islamiyya a kusa? Waya tana kamawa? Injin niƙa fa, da itacen girki? Aikin karkara a wuyan mace yake sauka, daga ɗiban ruwa har sussuka. Wadda ta shekara talatin tana kunna gas a Hotoro, ta je ta yi wata guda a garin da damina kafin a sayar da gidan birni. Ni dai shawarata, kada a sayar da gidan birni a shekarun farko ko kaɗan. A ba da shi haya, kuɗin hayar ya riƙe gonar kafin ta tsaya da ƙafarta.

To sai babbar magana, mallaka da takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya, gwamnatin jiha kuma ita ke ba da satifiket, ta hannun ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS. Gonakin ƙauye kuwa yawancinsu na gado ne, a nan matsala take. Mutum ɗaya zai fito ya ce gonar babansa ce, ya karɓi kuɗi, bayan shekara biyu 'yan'uwansa mata da ke aure a wasu garuruwa su zo su ce ba a raba gado ba, kuma gaskiyarsu ce. Kotu za ta iya rushe cinikin. Saboda haka a tambaya: an raba gadon? Wa ya raba, ina takardar? Duk magada sun yarda, har mata? A kuma tabbatar gonar ba jingina take ba, ba aro ba ce, ba a hannun mai haya take ba. A yi ciniki a gaban mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa a taka iyaka tare da su, a kawo mai safiyo ya auna ya kafa duwatsu. Hekta biyu a bakin dillali takan koma ɗaya da rabi in an sa tef. A biya ta banki don shaida ta zauna. A je ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma a tambaya ko gwamnati na da wani shiri a wurin, don titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da bututun gas na AKK duk ta gonakin mutane suka bi, kuma mai takarda ya fi samun sauƙin karɓar diyya.

'Yan'uwana mata, wannan ku saurara da kyau, mazajenmu ku yi haƙuri. In kuɗinki ne, a rubuta sunanki. Addininmu ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, ba kunya a ciki, ba raini ga maigida. Yau ana zaman lafiya, amma rai na Allah ne. In gonar tana da sunansa ya riga ki tafiya, ta shiga gado, ke da kika saya za ki tashi da tumunin takaba, in akwai abokan zama ku raba. In kuma ƙungiya ce ta saya, a rubuta da sunan ƙungiya kamar yadda yake a rajistarta, a rubuta kason kowace, da abin da za a yi in wata ta rasu ko ta so fita. A yi wannan tun ana dariya da juna.

Da ɗan gari akan ci gari. Duk inda muka je, baƙi ne mu. A gaida dagaci da liman, a ɗauki 'yan garin aiki a biya su a kan lokaci, a je musu suna da ta'aziyya. Maƙwabcin da kika kyautata wa shi zai kore miki akuya daga gona ranar da ba kya nan, shi zai kira ki in ya ga wani yana matsar da iyaka. Wadda ke da dangi a wani ƙauye, ta fara dubawa can, ko da ƙasar ba ta kai ta wani wuri kyau ba.

Abin da nake roƙon wannan taro ya amince da shi shi ne kada mu sayi komai bana. Mu zaɓi wurare biyu ko uku da ba su wuce tafiyar awa ɗaya daga Hotoro ba, mu karɓi hayar hekta ɗaya ko biyu na damina guda. Mu nemi malamin gona na KNARDA da ke kula da yankin, mu sayi ingantaccen iri, irin wake da masarar da cibiyar bincike ta Samaru da IITA suka fitar. A naɗa mata uku su riƙe littafi, duk naira da ta fita a rubuta, duk buhun da ya shigo a rubuta. Waken da muka samu a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, a ajiye zuwa bazara. Masu son kiwo su fara da jajayen awaki biyu ko uku da kajin gida, a yi wa kajin rigakafi kafin hunturu ya shigo. In Allah ya kai mu taron baɗi, a karanta mana littafin a nan. A lokacin mun san ƙasar, mun san hanyar da damina, mun san mutanen garin, su ma sun san mu, kuma in akwai gonar sayarwa ta gaskiya su za su fara faɗa mana. Kuɗin asusu yana nan bai je ko'ina ba.

  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana.